Karangiya da Yanayi a Waƙar Ingilishi: Daga Makiyayin Whitby Zuwa Ƙarni na 20

Gabatarwa

Duk ɗalibin adabin Hausa ya san karangiya a matsayin ɗaya daga cikin dabarun sarrafa harshe, wato mawaƙi ya jero kalmomi masu farawa da sauti iri ɗaya a cikin ɗango. Sunanta ɗaya da ciyawar nan mai ƙaya da ke maƙale wa matafiyi a tufa, kuma sunan ya dace da ita, domin sautin da aka maimaita yakan liƙe a kunne ko mai sauraro bai so ba. A rubutacciyar waƙar Hausa ado ce kawai. Abin da ke riƙe da baiti shi ne kari da amsa-amo, waɗanda malaman farko suka ɗora bisa tsarin waƙar Larabci. Mutanen Ingila kuwa sun shafe ƙarnoni suna waƙa ba tare da amsa-amo ba, karangiya ce ƙashin bayan kowane ɗango.

Sau da yawa ana koya wa ɗalibi cewa kowane baƙi yana tafe da yanayinsa: "s" na laushi ne da natsuwa, "g" da "k" na kaushi ne da tashin hankali. Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa, amma yakan sa ɗalibi ya riƙa ƙidayar baƙaƙe ya manta da waƙar. Wannan maƙala za ta bi tarihin karangiya a waƙar Ingilishi tun daga ƙarni na 7 domin nuna cewa yanayin da take haifarwa yana fitowa ne ta hanyoyi uku: ɗaure ma'anoni biyu wuri guda, kwaikwayon amon abin da ake zance a kansa, da kuma tuna wa mai sauraro wani zamani ko wani wuri.

Asalin Tsarin da Yadda Yake Aiki

Ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a Biritaniya tun daga ƙarni na 5 sun zo da wannan tsari a bakinsu. Shaidar daɗewarsa tana jikin wani ƙaho na zinariya da aka tono a Gallehus ta ƙasar Denmak a 1734, wanda aka ƙera wajen farkon ƙarni na 5. Maƙerin ya rubuta sunansa da aikinsa a layi guda, kalmomi uku a ciki suna farawa da "h". An sace ƙahon a 1802 aka narkar da shi, sai zanen da aka yi masa ya rage.

Ɗangon tsohon Ingilishi yana rabuwa gida biyu, da ɗan tsayawa a tsakiya. Kowane rabi yana da gaɓa biyu da ake dannawa da murya. A nan ya bambanta da karin Hausa, wanda ke auna nauyin gaɓa, doguwa ko gajera. Gaɓar farko mai ƙarfi a rabi na biyu ita ce shugaba: sautin da ta fara da shi dole ne ya riga ya bayyana sau ɗaya ko sau biyu a rabin farko. Gaɓa ta huɗu kuwa bisa al'ada ba ta shiga karangiyar. Dukan wasula suna amsa wa juna, amma "sp" da "st" da "sc" kowanne da kansa kaɗai yake tafiya. Idan aka gwada tsarin da kalmomin Hausa, zai yi kama da haka: "Duhu ya danne | dawa da gari." Kalmomi uku sun haɗu a kan "d", ta huɗu ta saki kunne domin ya shirya wa sabon ɗango. Snorri Sturluson, masanin ƙasar Aisilan da ya rubuta littafin koyar da waƙa wajen 1220, ya kira sautukan rabin farko madogarai, na rabi na biyu kuma ya kira shi shugaban harafi.

Wannan doka tana da sakamako biyu. Na farko, karangiya ba ta faɗawa kan kowace kalma sai mai nauyin ma'ana, wato suna ko sifa ko aikatau, saboda haka kalmomin da kunne ya haɗa su ne waɗanda hankali zai haɗa. Na biyu, mai sauraro yana jin rabin farko sai ya fara jiran amsa, kuma a cikin wannan jira ne mawaƙi ke samun damar kwantar masa da hankali ko ya girgiza shi. Marubutan wancan zamani ba sa ma raba ɗangwaye a kan fata. Suna jera waƙa kamar zube, kunnen mai karatu ne ke gano inda ɗango ya ƙare ta hanyar bin karangiya.

Mawaƙin Ingilishi na farko da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Caedmon. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, ya ce Caedmon makiyayi ne a gidan 'yan zuhudu na Whitby a zamanin shugabancin Hild, tsakanin 657 da 680. Idan ana biki aka fara miƙa abin kiɗa daga hannu zuwa hannu, yakan sulale ya fita don bai iya waƙa ba. Wani dare yana barci a garke sai ya yi mafarki an umarce shi ya yi waƙar farkon halitta, ya farka da ɗango tara na yabon Mahalicci. Bede ya kawo ma'anarta da Latin, ya kuma yi gargaɗi cewa ba a iya juya waƙa kalma da kalma zuwa wani harshe ba tare da ta rasa kyanta ba. Abin da ya zube a fassarar shi ne karangiya, shi ya sa masu kwafar littafin suka riƙa ƙara ainihin waƙar a gefen shafi. Muhimmancin labarin shi ne tsarin da aka saba yabon sarakuna da mayaƙa da shi ya koma ɗaukar ibada, ya zo mata da kwarjinin fada.

Zauren Sarki da Hanyar Baƙunta

Abin da ya rage na tsohuwar waƙar Ingilishi bai wuce ɗango dubu talatin da 'yan kai ba, mafi yawansu a cikin kundaye huɗu da aka rubuta wajen shekara ta 1000. Mafi tsawo a cikinsu ita ce Beowulf, mai ɗango 3,182, wadda ta tsira a kundi guda tak, shi ma gefensa ya babbake a gobarar da ta kama ɗakin littattafan Cotton a Landan a 1731. Ba a buga ta ba sai a 1815.

A cikin Beowulf karangiya tana nuna dangantakar jini. Al'adar mutanen ce a raɗa wa 'ya'ya sunaye masu farawa da sautin sunan uba, kamar yadda Bahaushe ke jin Hasan da Husaini ya san tagwaye ne. Sarkin Denmak Hrothgar ɗan Healfdene ne, 'yan'uwansa Heorogar da Halga, zaurensa kuma Heorot. Idan mawaƙi ya jero waɗannan sunaye, sautin "h" yana kawo yanayin gida mai cike da dangi da aminci. Sai dai mawaƙin ya san yadda zai juya wannan daɗi ya zama ɗaci. A gidan sarautar su Beowulf, Haethcyn ya harbe wansa Herebeald da kibiya bisa kuskure, ubansu Hrethel ya mutu da baƙin ciki domin babu halin ɗaukar fansa a kan ɗansa na cikinsa. Sautin da ya haɗa su a matsayin jini ɗaya shi ne ya haɗa mai kisa da wanda aka kashe da mai makoki, mai sauraro kuma yana jin sarƙar da ta hana uban motsi. Haka nan a daren da dodo Grendel ya taso daga fadama cikin hazo ya nufi zaure, mawaƙin ya ɗora sunansa da sunan Ubangiji a ɗango ɗaya a kan sautin "g", yana cewa dodon tafe yake da fushin Allah a kansa. Tsoron da ke wurin ya fito ne daga cuɗanya waɗannan sunaye biyu da ba su kamata su haɗu ba.

Kundin Exeter, wanda Bishop Leofric da ya rasu a 1072 ya bar wa majami'ar garin, yana ɗauke da waƙoƙin kaɗaici. A wadda masana suka raɗa wa suna The Wanderer, wani barde ne da ubangidansa ya mutu yake yawo a kan teku cikin sanyi. A harshen wancan lokaci kalmomin ƙaddara da aboki da farin ciki da hunturu da gudun hijira duk da "w" suke farawa, mawaƙin kuma ya ci moriyar wannan dace. A wani ɗango ya sa hanyar gudun hijira a rabin farko, murɗaɗɗen zinariyar da sarki ke rabawa a rabi na biyu, duka a kan "w". Kunne yana jin su 'yan'uwa, hankali kuma ya san ɗaya abin da mutumin yake ciki ne, ɗayan abin da ya rasa. Daga wannan saɓani tsakanin kunne da hankali kewa take fitowa.

Irin wannan dabara ta sake bayyana a waƙar yaƙin Maldon na 991, inda maharan teku daga arewacin Turai suka kashe Byrhtnoth, jagoran mutanen Essex. Bayan faɗuwarsa wani tsohon baransa ya tsaya yana ƙarfafa sauran cewa gwargwadon raguwar ƙarfin jikinsu ya kamata ƙarfin zuciyarsu ya ƙaru. Kalmar zuciya da kalmar ƙarfi duk da "m" suke farawa, ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka a ɗango guda. Yanayin waƙar baki ɗaya, wato jarunta a bakin kabari, yana cikin wannan ma'auni.

Bayan 1066

Da William na Normandi ya ci Ingila a yaƙin Hastings a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin kuma ya ci gaba da riƙe coci. Sababbin iyayen gida sun zo da waƙa mai amsa-amo da ƙidayar gaɓoɓi, mawaƙin Ingilishi ya rasa zauren da zai rera tasa. Duk da haka tsarin bai mutu ba. Wajen 1200 wani limamin coci mai suna Layamon, mazaunin bakin kogin Severn, ya rubuta Brut, waƙar tarihin sarakunan Biritaniya mai ɗango kusan dubu goma sha shida, inda labarin Sarki Arthur ya fara shiga Ingilishi. Ya cakuɗa karangiya da amsa-amo, ya kuma guje wa kalmomin Faransanci iyakar iyawarsa. Daga wannan lokaci karangiya ta sami sabon aiki. Tun da akwai wani tsarin da ke gogayya da ita, zaɓenta ya zama magana a kan kansa: muryar ƙasa ce, muryar kakanni, muryar waɗanda ba su da kujera a fada.

Farfaɗowar Ƙarni na 14

Bayan annobar da ta ratsa Ingila a 1348 da 1349, an sami ambaliyar waƙoƙin karangiya, musamman a yamma da arewacin ƙasar. Ɗangon ya ƙara tsawo, sautin kuma yakan maimaitu sau uku, wani lokaci fiye. Waƙoƙi biyu na wannan zamani sun isa su warware batun ko baƙi yana da yanayi na dindindin.

Piers Plowman ta William Langland, wadda ya yi ta gyarawa tsakanin wajen 1370 da 1390, ta tsira a kundaye fiye da hamsin. Ta buɗe da sautin "s" a kan bazara da taushin rana, mai ba da labari yana yawo a tsaunukan Malvern har barci ya kwashe shi a bakin rafi. A nan "s" ta yi aikin da littattafan makaranta ke faɗa, ta kawo kasala da lumshe ido. Daga cikin wannan barci ne aka shiga mafarkin da ya tone asirin malaman coci masu sayar da gafara da alƙalai masu cin hanci, inda karangiya ta koma bulala. Waƙar ta shiga jama'a har John Ball, ɗaya daga cikin jagororin tawayen talakawa na 1381, ya ambaci sunan Piers a wasiƙunsa.

Sir Gawain and the Green Knight kuwa kundi ɗaya ne ya adana ta, marubucinta bai bar sunansa ba, karin harshensa na arewa maso yammacin tsakiyar Ingila ne. Tana da ɗango 2,530 a baiti 101. Barde Gawain ya yi tafiya cikin hunturu yana neman wani ƙato mai launin kore domin ya cika alkawarin miƙa masa wuya ya sara. A kan hanya yana kwana cikin sulkensa a tsakanin duwatsu, mawaƙin kuma ya haɗa kalmomin kisa da ruwan ƙanƙara da barci a kan "sl". Ga "s" ɗin nan dai, a ƙarni ɗaya da ƙasa ɗaya da Langland, amma yanzu sanyin mutuwa take ɗauke da shi. Ashe ma'anar kalmomin ce ke rina sauti, shi kuma sautin ya mayar da rinin ya game ɗango.

Wannan bai hana karangiya kwaikwayon amo ba idan abin da ake zance a kansa mai amo ne. Da Gawain ya isa wurin alkawari, bai ga kowa ba, sai ya ji ƙara daga bayan dutse kamar ana wasa babban lauje a kan dutsen washi. Ɗangwayen wurin suna bin juna da "kl" da "gr" da "w" da "r", mai sauraro yana jin gatari kafin ya gan shi. Mawaƙin ya kuma rufe kowane baiti da gajerun ɗangwaye biyar masu amsa-amo, ta yadda bayan gurnanin dogayen ɗangwaye sai a ji wata 'yar siririyar murya mai kama da ta fada, sau da yawa da zolaya a cikinta.

A Landan kuwa ana yi wa tsarin kallon na ƙauye. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya sa wani limami a cikin The Canterbury Tales ya ce shi mutumin kudu ne, bai iya ba da labari da bin harafi ba, har ya kwaikwayi tsarin da gaɓoɓi uku marasa ma'ana. Amma da Chaucer ya zo siffanta gasar sukuwar barade a labarin jarumi na wannan littafi, inda masu ke karyewa kwalkwali ke tsagewa, sai ya cika ɗangwayensa da karangiya. Ko mai raina ta ya san babu kamarta wajen kawo ƙarar ƙarfe.

Daga Doka Zuwa Ado

William Caxton ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476, harshen Landan da ɗanɗanonta suka rinjayi abin da ake bugawa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin ƙarshe na tsohon tsari ita ce wadda aka yi kan yaƙin Flodden na 1513. A daidai wannan zamani ne Giovanni Pontano, masani a birnin Naples na Italiya, ya ƙirƙiro kalmar Latin da Turawa ke kiran karangiya da ita har yau, wato ta sami suna a lokacin da take sauka daga mulki. Zuwa ƙarshen ƙarni na 16 Shekisfiya yana sa ta a bakin wasu masu sana'ar hannu 'yan koyon wasa a A Midsummer Night's Dream, suna jibga ta a wurin da ake son kuka har ta koma abin dariya. Darasin a bayyane yake: idan kunne ya lura da dabarar fiye da ma'anar, yanayi ya rushe.

Da ta zama ado sai ƙarfinta ya koma ga ƙarancinta. Coleridge a waƙarsa ta tsohon matuƙin jirgi ta 1798 ya tara "f" da "b" a wurin da iska ke tura jirgi cikin kumfa, sannan ya sassauta su da iskar ta ɗauke, mai karatu ya ji tsayawar jirgin a jikinsa. Gerard Manley Hopkins, wanda ya nazarci dabarun sauti na waƙar Wales yayin da yake karatun addini a can, ya mayar da ita kusa da matsayinta na da. Jirgin ruwa Deutschland ya yi hatsari kusa da bakin kogin Thames a Disambar 1875, mata 'yan zuhudu biyar suna cikin waɗanda suka mutu. Hopkins ya yi musu waƙa mai baiti 35 inda baƙaƙe ke karo da juna kamar igiyar ruwa. Mujallar ƙungiyarsa ta ƙi buga ta, ba ta fito ba sai a 1918, shekara 29 bayan rasuwarsa. A 1947 W. H. Auden ya fitar da The Age of Anxiety, hirar mutum huɗu a wata mashaya a birnin New York lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zuba ta a tsohon ɗango mai rabi biyu. Ma'aunin da aka yi wa jarumai ya faɗa bakin mutanen da suka rasa alƙibla, tazarar da ke tsakanin tsarin da masu maganar ta zama ita ce damuwar da waƙar ke siffantawa. Seamus Heaney kuma da ya fassara Beowulf a 1999 ya riƙe karangiyar, domin in babu ita labarin zai rage amma nauyinsa zai tafi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa abin da karangiya ke yi ya danganta da matsayinta a zamaninta. Lokacin da take doka, mai sauraro yana jiran ta, fasahar mawaƙi kuma tana cikin zaɓen kalmomin da zai ɗaure: uba da ɗa, dodo da Ubangiji, zinariya da gudun hijira. Da ta sami kishiya bayan 1066, ta ɗauki ƙamshin ƙasa da na tsufa. Da ta zama ado, tasirinta ya koma ga inda aka sa ta da inda aka janye ta. Har yau akwai al'ummomin da take doka a wurinsu, kamar Somaliyawa, waɗanda a waƙarsu ta gabay sauti ɗaya ke ratsa kowane rabin ɗango daga farko har ƙarshe. Manazarcin waƙar Hausa da ya ci karo da karangiya zai fi cin riba idan bai tsaya ga ƙidayar baƙin da aka maimaita ba. Ya duba kalmomin da sautin ya haɗa, ya auna ko ma'anarsu ta jitu ko ta saɓa, ya lura da abin da ya gabace su da abin da ya biyo baya, sannan ya yanke hukunci kan yanayin da mawaƙi ya gina.